Mita Goman da Bakin Ammi Mongi Ya Jawo

Akwai wani mai matsar man zaitun a wani gari kusa da Monastir, ana ce masa Ammi Mongi. Abu biyu aka san shi da su: son ƙungiyar zari-ruga ta garin, da baki. A wurinsa babu alƙalin wasa na kirki a duniya, ko dai ɓarawo ne ko makaho. Da wannan karatun ya raini ɗansa Skander, wanda ya girma ya zama ɗaya daga cikin ƙattin ƙungiyar.

A zari-ruga kuwa kyaftin kaɗai ke magana da alƙali, shi ma cikin ladabi. Duk wanda ya mayar wa alƙali magana bayan an busa laifi, sai a matsar da bugun mita goma zuwa gidansu. Ammi Mongi ya san wannan sarai. Cewa yake dokar matsorata ce.

Aka zo wasan ƙarshe na shekara. In aka ci su, sun faɗa rukuni na biyu, kuma kowa ya san samarin garin watsewa za su yi zuwa wasu ƙungiyoyi. Masu shirya gasar, waɗanda ba su taɓa taka filin nan ba, sai da suka yi ta ɗage ranar yadda suka ga dama, sannan suka turo alƙali shi kaɗai, babu mataimaka a gefe. Abin takaici ne ƙwarai, kuma jama'a da fushinsu suka shigo.

Lokaci ya cika, 'yan gida na gaba da maki biyu. Sai alƙalin, Si Fethi, ya busa wai Skander ya riƙe ƙwallo a ƙasa bai saki ba. Wallahi ya saki, duk wanda ke gefen nan ya gani.

Bugun na kawo maki uku, amma wurin ya wuce tsakiyar fili, kuma mai bugun baƙin ba shi da ƙafar da za ta kai. Shiru kawai ake bukata. Kyaftin ya ce kowa ya ja baya, bakinsa alaikum. Skander ya haɗiye abin, ya juya yana tafiya.

Ammi Mongi ya ji kamar zai fashe. Ya kama wayar shinge yana jijjigawa.

"Skander, ana maka fashi da rana tsaka ka sunkuyar da kai? Anya ni na haife ka?"

Skander ya tsaya cak. Ya juyo ya fuskanci alƙali.

"Yallaɓai, idanun nan naka na gani ne ko na ado?"

Si Fethi ya sake busa usur, ya taka mita goma. Mai bugun ya dasa ƙwallo, ya auna, ya tsallakar da ita ta tsakanin sanduna. Baƙi suka cinye wasan da tazarar maki ɗaya.

Bisa al'ada, bayan wasa ƙungiyoyin biyu da alƙali kan zauna su ci kuskus tare. Ammi Mongi ya faɗa ɗakin yana huci, da nufin yi wa alƙalin wankin babban bargo. Kafin ya buɗe baki Si Fethi ya ajiye cokali ya miƙe.

"Si Mongi, an nuna min hoton bidiyon wasan. Busar farko kuskurena ce, kuma zan faɗa wa hukuma haka. Amma ita kaɗai ba ta isa ta kayar da ku ba. Mita goman nan daga gidanku ta fito."

Tsohon ya juya wurin ɗansa yana neman mai tare masa. Ya fara cewa ai namiji ba ya shiru a cuce shi.

Skander bai ɗago daga kan farantinsa ba.

"Baba, duk garin nan ihu suke, ban ji muryar kowa ba sai taka. Da ma ban ji ba."

Ya ɗauki abincinsa ya koma can ƙarshen tebur.

Darasi: Ko an zalunce ka, baƙar magana ba ta gyara hukunci, sai dai ta ƙara wa mai gaskiya asara. Ku iyaye, muryarku 'ya'yanku ke ji fiye da ta kowa, ku kula da abin da kuke zuga su a kai. Ku tura wannan labari ga duk wani mai zagin alƙali daga bayan shinge.