Kurege da Zuciyar Akawal

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani dattijo ne, Baba Tunau, mai horar da dawakin sukuwa. Kullum bayan kilisa sai ya ɗora kunne a haƙarƙarin kowane doki. Wanda zuciyarsa ta riga kwantawa, shi ne ya horu, shi ke samun babban akushin gero da kanwa. Kullum Akawal, baƙin ingarma, ke ci.

Kurege yana kan danga yana kallo, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Ya ce, "Baba, wannan ƙaton me ya fi ni? Ni ma a gwada ni."

Baba Tunau ya yi dariya ya ce, "To, ku taɓo kukar can ku dawo."

Da aka tashi, Kurege ya faɗa ramin bayan danga ya miƙe ƙafa. Da ya ji ƙarar kofato sai ya fito, ya riga Akawal isowa. Baba Tunau ya sa kunne, ya ji zuciya kwance luf.

"Ikon Allah. Ban taɓa jin irin wannan ba."

Aka ba Kurege akushi. Yau akushi, gobe akushi, jibi akushi. Akawal yana gefe da busasshiyar harawa, yana hura hanci.

Rana ta huɗu Akawal ya ce, "Baba, zuciyar da ba ta tashi ba ai ba ta yi aiki ba. Tazarar ta yi wa gwani kaɗan. A ninka mana, a kuma ɗaure shi da sirdina, ko na koyi takunsa."

Kurege ya ce, "Yaya Akawal, ni ba na son wahalar da kai."

"Haba ƙanena, wace wahala?"

Aka ɗaura igiya. Akawal ya zabura. Kurege ya yi gudu, ya yi tsalle, ya koma birgima, ga tumbi cike da geron kwana uku. Da ƙyar ya gwaguye igiyar, ya afka rami, zuciya na dakan sakwara.

Shi ya sa har yau za ku ga kurege ya miƙe tsaye, hannu biyu a ƙirji. Jira yake zuciyarsa ta kwanta ya koma wurin Baba Tunau.

Ƙurunƙus kan kurege. Wanda zai ci geron doki, ya fara aro haƙarƙarin doki.