Dalilin da Ya Sa Zanen Baba Yake da Fararen Idanu

Dalilin da ya sa kuke ganin fararen zobba a jikin zanen baba, wato zanen da aka rina da shuni, waɗanda kuke ce wa idanu, ba ni na san shi da kaina ba. Kakarku Azumi ce take ba da labarin in tana ƙulla zanen da za a rina a gindin durumin nan. Ta fi ni iya faɗa. Ni marini ne, aikina tsomawa da matsewa, karatuna kuma bai yi nisa ba. Amma tun da ta rasu babu mai gaya muku, don haka ku matso ku ji yadda na riƙe shi.

A da can, zanen rini ba shi da ado ko kaɗan. A tsoma fari a rijiyar baba, a fito da shi, iska ta buge shi ya yi duhu, shi ke nan. Baƙi ne tun daga wannan baki har wancan.

A lokacin akwai wani marini ana ce masa Jatau, da matarsa Kuluwa. Ita sana'arta auduga: ta gurza, ta kaɗa zare, a kai wa masaƙa. Allah ya ba su 'ya guda ɗaya tak, Laure. Da yake 'yar fari ce, Kuluwa tana jin kunyarta kamar yadda aka saba. Ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. "Ke yarinyar nan" take ce mata, ko "ke wance".

Laure kuwa ba ta rabuwa da gindin uwarta. In Kuluwa tana gurzar auduga, sai ta zauna tana tsince angurya, ƙwayar da ke fita daga cikin audugar. Wata rana da rani ta jawo farin zanen uwar, sabon saƙi, ta dinga ƙulle angurya ɗaya-ɗaya a jikinsa da guntayen zare. Ta tamke su tamau da 'yan yatsunta.

Kuluwa ta ce, "Ke yarinyar nan, me kike yi wa zanena?"

"Iri nake ajiyewa, Inna. In ruwa ya sauka zan yi gonata."

"Gonarki a ina? Sakar mini zane, sarkin ɓarna."

"A bayan ɗaki. Kada ki kwance, kaji za su cinye."

Kuluwa ta yi tsaki ta kau da kai, amma ba ta kwance ba.

Ruwa bai sauka ba sai da ƙyanda ta shigo garin. Kwana shida Laure ta yi a kwance, ta rasu.

Mata suka cika gida suna gaisuwa, suna cewa Kuluwa ta yi haƙuri, sun yaba da yadda ba ta zubar da hawaye ba. 'Yar fari ce, ba a so a ga uwa tana kuka a fili. Bayan an watse sai ta ɗauko zanen nan ta ɗora a cinya. Ta daina kaɗi. Tuwo ya kwana a kwano. Abin da take yi kawai, ta bi ƙullin nan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, in ta kai ƙarshe ta koma farko. Zanen ya yi dauɗa, ta hana a wanke.

Jatau yana gani matarsa tana ƙarewa. Shi kuma abu ɗaya ya sani a duniya: baba yana rufe komai. Tabon manja, tabon goro, tsufan tufa, in an tsoma an gama. Ya ce a ransa, in zanen ya koma baƙi kamar sauran zannuwa, za ta daina ganinsa, ta tashi ta ci abinci. Da safe ta zaga bayan gida, ya ɗauke shi ya tafi marina. Bai tsaya kwance ƙullin ba, don bai ɗauke su bakin komai ba. Ya tsoma, ya matse, ya shanya, ya sake tsomawa, har sai da ya yi baƙi wuluk.

Yana cikin shanya ta ƙarshe sai ga Kuluwa, ba mayafi, a wurin da mata ba su saba zuwa ba. Marina suka tsaya da aiki.

"Maigida, ina zanena?"

"Ga shi nan. Na gyara miki."

"Ka gyara? Wa ya sa ka?"

"Kuluwa, so kike in binne mutum biyu a shekara ɗaya?"

"Hannunta ne a jiki! Dauɗar da kake gani, hannunta ne. Abin da ya rage mini ke nan, ka zuba a rijiya."

Jatau ya tsaya da hannuwansa shuɗɗa yana kallon ƙasa.

Ta fizge zanen daga igiya, ta zauna nan bakin rijiya. Ta ce ko ba komai za ta cire irin yarinyar ta shuka mata. Ta sa haƙori ta tsinke zaren ƙulli ɗaya. Angurya ta faɗo. A wurin kuwa sai ga ɗan zobe fari tas, daidai inda zaren ya matse. Baba bai shiga ba. Ta kwance na biyu, haka. Na uku, haka. Wasu manya, wasu ƙanana, wasu a karkace, yadda hannun yaro yake yi. Duk inda yatsun yarinyar suka tamke, rini ya kasa ci.

Sai Kuluwa ta ɗaga zanen, ta ce, "Laure." Da ƙarfi ta faɗa, a gaban maza. Wannan ne karon farko da aka ji sunan a bakinta. Sannan kukan ya zo, babu wanda ya hana ta.

Da damina ta shuka anguryar a bayan ɗaki. Ko ɗaya ba ta tsiro ba, ruwan tokar da ke cikin rijiyar baba ya kashe su. Amma zanen ya zauna, ta ɗaura shi har ta tsufa. Matan da ƙyanda ta yi wa irin wannan ɓarna suka riƙa kawo mata farinsu, tana ƙulla musu, Jatau yana rinawa. Daga baya waɗanda ba su rasa kowa ba suka ga yana da kyau, suka ce su ma a yi musu.

Shi ya sa har yau mata ne suke ɗauri, maza suke rini, kuma marini ba ya kwance ƙullin da bai ɗaura ba, sai ya mayar wa mai shi. Shi ya sa kuma kuke ganin idanun nan a zanen kowa, ana zuwa biki da su, ba a san na makoki ba ne.

Kun sha tambayata labarin farin zanen da ke cikin adudu a ɗakina, mai ƙulli rabi. Na kakarku ne, shi take ɗaurawa ciwon ya kwantar da ita. In na rina shi, dole a kwance abin da hannunta ya ƙulla. In ban rina ba, ba zan taɓa ganin adon da ta nufa ba. Sau biyu ina kai shi bakin rijiya ina dawowa da shi.

Ku tashi haka nan, an kira la'asar. Kada wanda ya taɓa mini adudun.