Tsahara da Zungurun 'Yar Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wata 'yar ruwa ce a wani gulbi, sama mace, ƙasa kifi. Kyau kam ba a magana, amma muguwa ce, abin da hannunta ya kama ba ta saki. Ran nan ta kife kwalekwalen Tanimu mai fito, ta cafke masa wuyan hannu, ta haye da shi kan dutsen tsakiyar ruwa. Ta ce in gulbi ya cika za ta nutsa da shi, ya zama bawanta.

Sarkin masunta ya zo da taru. Ta kaɗa wutsiya, taru ya yage.

Boka ya zo da turare da baƙin bunsuru. Ta yi atishawa, turare ya mutu, bunsuru ya ruga.

Ruwa kuwa sai ƙaruwa yake, har ya kai wa Tanimu gwiwa.

To, Tanimu yana da 'ya, Tsahara, gwanar ƙunshi. Ta kwaɓa lalle, ta ɗauki zunguru biyu, dogayen ƙoren nan da ake zura hannu a ciki, ta tuƙa kwalekwale ta nufi dutsen. Tana tuƙi tana juya jajayen hannuwanta.

'Yar ruwa ta ce, "Ke yarinya, me ya yi miki ja a hannu haka?"

Tsahara ta ce, "Lalle ne, ranki ya daɗe. Ai na ɗauka manya irinku sun san shi."

"Sa mini!"

Tsahara ta shafa mata lalle a hannun hagu, ta zura shi a zunguru. Ta ce, "Amma fa lalle ba ya son ruwa. Ɗigo ɗaya ya taɓa shi, ya ɓaci."

Da aka cire, hannu ya yi jawur. Sai kwaɗi suka fara waƙa:

"Hannu guda na amarya,
Hannu guda na wanki!"

Kunya ta kama 'yar ruwa. Ruwa kuwa ya kai wa Tanimu ƙugu.

Ta ce, "Sa wa ɗayan, in riƙe bawana da wannan."

Tsahara ta ce, "A'a, ranki ya daɗe. Tare ake sa su a ƙarshe, in ba haka ba jansu ba zai zo ɗaya ba. Kwaɗin nan kuma kin ji bakinsu."

"To wa zai riƙe mini shi?"

"Ki danne shi da wutsiya mana."

Wutsiyar kifi, jama'a! Santsi kamar miyar karkashi. Hannu biyu na shiga zunguru, Tsahara ta ce, "Baba, taho!" Sulluɓ, Tanimu ya zame, ya faɗa kwalekwale. Uba na tuƙi, 'ya na tuƙi.

'Yar ruwa ta zabura za ta faɗa ruwa, sai ta tuna da lallenta. Ta koma ta zauna, hannuwa a sama, tana ihu, "Ku dawo! Ku bari ya kama tukuna!"

Kafin lalle ya kama, sun kai gaɓa. Mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗauki Tsahara a kafaɗa har ƙofar gida. Tanimu yana dariya yana hawaye.

Kun ji, yara. Duk ƙarfin mugu, akwai abin da yake kwaɗayi, mai hankali ta nan yake shigarsa.

Ƙurungus kan ɗan tarwaɗa! In ƙarya ce, ku je gulbi ku tambayi kwaɗi.