Tsinken Nomau da Farar Ƙasar Jatau

An ce wai a wani gari an yi wani baduku mai suna Nomau, wanda Allah Ya ba hannu maras zama. In yana hira, ko ƙasa ko fata sai ta sha zane, shi kuwa bai ma san yana yi ba.

Wata rana ya tsaya gardamar dambe a ƙofar wani attajiri, inda aka yi sabon yaɓe. Baki na zuba, tsinken sakace na yawo a bango. Da yaɓen ya bushe, sai ga zane kamar an yi wata ana tsara shi, gari ya yi ta zuwa kallo.

To, al'adar garin, ba mai yi wa bango zayyana sai magina, wanda ya yi kuwa a tashe shi daga kasuwa. Da Sarkin Magina Jatau ya ji mai aikin, ya kai ƙara wurin alƙali. Aka kirawo Nomau, ga shi kuwa rumfarsa ita ce abincin gidansa.

Ya durƙusa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, wallahi sakace nake. Zayyana kuma, ni da wa?"

Jatau ya ce, "Ji mutum! Sakace a bango?"

Alƙali ya tashi da kowa aka je gindin bangon. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wa ya bi zanen nan da farar ƙasa har ya fito ras?"

Jatau ya sosa ƙeya. "Ni ne, Malam. Na ɗauka aikin mutanena ne."

Alƙali ya yi murmushi ya ce, "Wanda ya sunkuya neman allurarsa ba ruku'u ya yi ba, ko a masallaci ya sunkuya. Nomau ya karci bango ba niyya, wannan karce ne. Kai ka gani, ka yaba, ka ƙawata da gangan, ran nan ya zama zayyana. Maginin da ya yi ta kuwa ga shi tsaye gabana. In ka ga a hukunta shi, bismilla."

Jama'a suka fashe da dariya, har Jatau. Nomau kuwa don murna ya shiga jero godiya, yatsansa na zagaya ƙasa.

Jatau ya duba ya ce, "Kai, kada kowa ya taka! Ina farar ƙasata?"

Masu hankali suka ce, hannu ke yin zane, amma sai wani ya yi niyyar ajiye shi yake zama zayyana.