Tulun Bushiya Mai Karkataccen Baki

An yi wata Bushiya mai ƙananan 'ya'ya, gidanta nesa da rafi. Rani ya yi tsanani, ga shi ba ta da tulu, kullum yaran suna kukan ƙishirwa. Sai ta tafi wurin tsohuwa Zanzaro, gwanar ginin tukwane, don ta koya mata. Can ta tarar da Biri sarkin cika baki, shi ma ya zo koyo.

Zanzaro ta nuna musu yadda ake kwaɓa yumɓu da yadda ake ɗora shi. Ta kuma ja kunnensu cewa a inuwa tulu yake bushewa, sannu a hankali, kafin ya ga wuta.

Kafin azahar Biri ya ɗaga tulu mai dogon wuya. Bushiya kuwa, na farko ya zube, na gaba ƙayarta ta huda masa ciki.

"Wannan tulu ne ko rariya?" in ji Biri, yana birgima don dariya.

"Rariyar gidanku!" Bushiya ta yi jifa da yumɓun, ta dunƙule tana kuka. "Gwaggo, na fasa."

"To ki fasa," in ji Zanzaro. "Yaran naki kuma su sha me?"

Can sai ga ɗan hancin Bushiya ya leƙo. Ta sake kwaɓi, ya rushe, ta sake, har ta gane dabarar zagaya tulun da cikinta, ƙayoyin suna waje. Ranar da ya tsaya, tsalle ta yi ta yi.

Shi kuwa gogan naku Biri, ina haƙurin jiran inuwa! Ya kai nasa tsakiyar rana don kowa ya gani, ya kuma gayyato dabbobin daji kallon gashin tukwane.

Aka cinna wuta. Ba a jima ba sai aka ji tas! Tulun Biri ya tarwatse, wani guntu mai zafi ya dira a gindin wutsiyarsa. Ya kwasa a guje yana ihu, 'yan kallo suna shewa.

Na Bushiya, da ya bushe a inuwa, ya fito ja wur, baki a karkace. Ta cika shi a rafi, ko ɗigo bai zuba ba. Yaranta suka sha har cikinsu ya yi tim, ita kuwa tana hawayen murna.

Darasin labarin nan shi ne, idan koyo ya ba ka haushi, yi kukanka ka koma kan aikin. Wanda kuma hannunsa ya faɗa da wuri, kada ya raina faɗar malaminsa.