Mutumin da Ya Ɓata a Jami'arsu

An yi wani mutum a Kurfi. Ba zan faɗi sunansa ba, danginsa suna nan.

Da ya gama sakandare ya tafi Kaduna, ya samu aikin akawu a wata masaƙa. Aka kawo kwamfuta ofishin. Mai kula da ita, wani Enoch, ya ga ya cika leƙe, ya ce, "Malam, jawo kujera mana." A wurinsa ya koyi rubuta wa na'urar umarni, layi bayan layi, har ta yi abin da ake so. Allah ya ba shi kai, ya zama gwani.

Shekarar da aka ba mu jihar Katsina, wani mai sayen auduga a Dutsin-Ma, Alhaji Sa'idu, ya sayi kwamfuta. Ta zauna lulluɓe da zane, babu mai iya ta. Mutuminmu ya zo ya tsara mata yadda za ta riƙa faɗin motar da za ta je Tamawa da wadda za ta je Kutawa, kada wata ta dawo ba kaya. Ranar da ta fara aiki, Alhaji ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Ya ɗauke shi aiki nan take. Bai nemi takarda ba.

A Kurfi aka yi shagali. Gwaggonsa Zinariya ta rangaɗa guɗa tana cewa, "Ɗanmu ya yi digiri! Har ƙarfe yake wa magana!" Ya san bai yi ba. Amma kalmar ta yi masa daɗi, bai gyara mata ba.

Ya 'yan uwa, me ya rasa a ranar nan? Ga sana'a, ga lafiya, ga tuwo da nama.

Maganar ta kai kunnen Alhaji, ya ce, "Ashe ɗan jami'a gare ni! Wacce?" Mutuminmu ya kama sunan wata babba ya faɗa. Daga nan ya shiga ba da labarin ɗakin kwanansu da malamansu, kullum yana ƙara gishiri.

Sai 'yar Alhaji, Huseina, ta samu shiga jami'ar nan. Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi, muna da ɗan gida. Kai za ka ja mu, ka kai ta gaban malamanka."

Suka isa. Mutuminmu ya wuce ƙofar shiga, ya dawo. Ya bi wata hanya, ta kai su gidajen ma'aikata. Ya bi wata, sai ga garken shanun koyar da noma. Huseina ta rufe baki da mayafi.

Alhaji ya ce, "Nan ne ajinku?"

Ya ce, "An yi gine-gine, Alhaji."

"Tsaya. Ka taɓa zuwa wurin nan?"

Ya sunkuyar da kai.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ban taɓa neman digiri a wurinka ba, aikinka na gani. Amma abin da kake rubuta wa na'urar nan ban iya karanta shi ba, maganarka kawai nake riƙe da ita. Yanzu me zan riƙe?"

Ya sallame shi. Labari ya riga shi isa Kurfi, zaman majalisa ya gagare shi. Ya koma Kaduna, ya tarar an ba wani kujerarsa.

Ya 'yan uwa, digiri abu ne mai kyau, mai hali ya nema. Wannan sana'ar kuwa ana koyonta a jami'a, ana koyonta a gefen gwani, na'urar ba ta tambaya. Mutumin nan ba rashin digiri ya kayar da shi ba. Raina baiwar Allah ya yi, ya lulluɓe ta da ƙarya.

Wanda ya koya a aji ya gode, wanda ya koya a bakin aiki ya faɗa ba kunya. Allah ya kiyaye mu da yabon da ba namu ba, ya sa mu gode da abin da ya ba mu. Amin.