Indararon da Ɗan Maigida Ya Toshe

An yi wani mutum da ya ci amanar ubansa, ya zalunci tsohuwar da ta goye shi, kuma duk ya yi wannan yana murmushi, bai ɗaga wa kowa murya ba. Ya 'yan uwa, ku gyara zama. Irin wannan zaluncin ya fi na ɗan fashi yawa a cikinmu, don mai yin sa da farar riga yake yawo.

Mutumin nan ya gaji gida a tsakiyar gari, a wani tsohon layi da duniya ta juya wa baya. Bene ne siriri mai hawa ɗaya, da baranda mai ƙarafunan ado a gaba. A ƙasa shaguna biyu ne, na tela da na mai aski. A sama akwai ɗakunan haya, kuma a na ƙurya wata tsohuwa ke zaune, wadda kowa ke kira Gwaggo. Ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Shi kuwa, ko da furfura ta fara fito masa, sunansa a layin bai canza ba: Ɗan Maigida.

Da ciwon ajali ya kwantar da uban, sai ya kira shi a gaban tela da Gwaggo. Ya ce, "Mutanen gidan nan ba 'yan haya ba ne, dangi ne. Ka yi mini alkawari ba za ka taɓa cewa ɗayansu ya tashi ba." Ɗan ya riƙe hannun uban, ya rantse da Allah. Rantsuwar ba ta yi masa nauyi ba a lokacin. Wa ke son gida a layin da kwata ke gudu a tsakiyar hanya?

Shi kansa ba a nan yake kwana ba. Yana haya da iyalinsa a sabuwar unguwa, yana da shagon kayan wuta a kasuwa. Yakan leƙo gidan ya gaishe da Gwaggo, ya zauna a kujerar mai aski.

"Sunkuyo, Ɗan Maigida," in ji mai aski. "A kujerar nan kake ihu kana yaro kamar za a cire maka kai. Yanzu ga shi gashin ma ya gudu ya bar ni da fili."

Tela ya ɗago daga kan kekensa ya ce, "Ka dai yi masa a hankali. In ka yanke masa kunne, da me zai ji gaisuwarmu?"

Haka suke, kuma kowa hankalinsa kwance.

Sai Allah ya kawo sauyi. Hukumar gari ta waiwayi tsakiyar garin. Aka rufe kwata, aka shimfiɗa duwatsun ado, aka kafa fitilu, aka dasa itatuwa, aka jera bencina. Shagunan da suka daɗe a kulle suka buɗe, wannan na waya, wancan na shayi da lemo, can kuma na littattafai. Da yamma sai ka ga mutane da 'ya'yansu suna tafe a hankali, ba don sayen komai ba, don shan iska kawai. Tela ya samu ɗinki har yana mayar da wani. Mai aski ya ƙara madubi na biyu. Gwaggo takan jawo kujerarta baranda ta ce, "Kai, ashe zan ga layin nan da rai kafin in mutu!"

Ya 'yan uwa, wannan ba ni'ima ba ce? Ni'ima ce. Gyaran gari alheri ne, kuma tashin darajar gida ba haramun ba ne. Amma ni'ima takan tone abin da ke kwance a zuciya.

Wani dillali ya tare Ɗan Maigida a bakin layi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kana zaune a kan zinariya kana sayar da ƙwan fitila. Masu buɗe masaukin baƙi irin wannan tsohuwar fuskar suke nema, da barandarta da komai. Sai dai abu biyu. Babu mai saye da mutane a ciki. Sannan ka kula da ginin, don darajar a jikinsa take. Sabon tsari ya bar tsofaffin gidaje inda suke, amma duk wanda ya rushe sai an ja baya an bar wa masu tafiya hanya. Naka kuwa siriri ne. In aka ja baya, ko akurki ba zai ɗauka ba."

Ɗan Maigida ya ji magana ta farko da kunne biyu. Ta biyun ta shiga ta nan ta fita ta can.

Ya koma gida yana juya rantsuwarsa kamar mai neman inda ɗinki ya saki. Me ya ce wa uban? Ba zai ce kowa ya tashi ba. To, in sun tashi da kansu fa? Da wannan tunanin ya zo masa, sai ya ji daɗi har cikin ransa. Ya ɗauka basira ce. Ba basira ba ce, Shaiɗan ne ya gyara masa hula.

Ku fahimci yadda gidan yake. Rufinsa na kankare ne, shimfiɗaɗɗe, da 'yar katanga kewaye. Duk ruwan da ya sauka a kai ta indararo guda yake fita, a kusurwar baya. Tun yana yaro ubansa ke hawa da shi kafin damina, su kwashe ganye da ƙasa daga bakin indararon. Bayan rasuwar uban, tela ne ya ɗauki aikin, ba tare da kowa ya sa shi ba.

Ana gab da damina Ɗan Maigida ya zo da sabon kwado ya kulle ƙofar rufin. Ya ce wa tela, "Baba Tela, matakalar nan ta tsufa, kai ma ka tsufa. In ka faɗo me zan gaya wa iyalinka? Daga yau ni zan riƙa hawa."

Tela ya sa masa albarka. Ku ji fa, albarka ya sa masa!

Wata rana da tsakar rana, keken ɗinki na ƙara, Gwaggo na barcin azahar, Ɗan Maigida ya hau shi kaɗai da ragowar buhun siminti da gorar ruwa. Ya cusa buhun a maƙogwaron indararon, ya danna da ƙafa, ya zuba ruwa a kai. Ya wanke hannunsa, ya sauko, har ya tsaya ya tambayi mai aski lafiyar yara.

Ruwa ya sauka. Rufin ya zama tafki. Da farko tabo ne ya fito a saman ɗakin Gwaggo. Sai ɗigo. Ta sa kwano, ta ƙara roba, ta ƙara bokiti, ta ja gadonta tsakiyar ɗaki. Sauran 'yan hayan sama ba su jira ba, suka kwashe kayansu. Laima ta bi bango ta sauka ƙasa, yadudduka suka fara wari a shagon tela, madubin mai aski ya yi baƙi a gefe.

Duk wanda ya yi masa magana, amsarsa a shirye take, da tattausar murya. "Wallahi abin ya dame ni. Na hau na duba, tsufa ne kawai. Ku ƙara haƙuri."

Gwaggo ta fi duk na sama daɗewa. Ya same ta wata safiya tana matse tsumma, tana tari. Ta ce, "Ɗana, kada ka sa damuwa a ranka. Gida ne ya gaji, ba laifinka ba ne." Ya sunkuyar da kai. Tausayi ya taso masa, ya danne shi kamar yadda ya danne buhun.

Da tarin ya yi tsanani, babbar 'yar tela ta zo da mota ta ɗauke Gwaggo zuwa gidanta. Tela da mai aski suka samu shago guda a tsallaken titi, suka raba shi biyu da labule. Gidan ya zama fanko.

Matar Ɗan Maigida ta dube shi ranar ta ce, "Maigida, Gwaggo fa? A ce tana gidan wasu muna raye?"

Ya ce, "Ni na kore ta? Je ki tambaye ta. Ban ce da kowa ya tashi ba."

Kuma gaskiya ne, bai ce ba. Ya ci abincinsa, ya ƙara. Ya yi barci mai daɗi.

Lokacin nan shi ne mafi daɗin rayuwarsa. Dillalai na bin sa, ana kiran sa maigida ba tare da ɗan ba. Ya sallamar da shagonsa na kasuwa, don me mai bene a tsakiyar gari zai yi da ƙwan fitila? Duk wanda ya taya gidan, dillali sai ya raɗa masa, "Dakata tukuna. Layin bai gama tashi ba." Ya dakata.

Za ku ce, to me ya hana shi buɗe indararon tunda buƙata ta biya? Ya yi niyya. Da rani ya hau ya tarar simintin ya zama dutse. Hannu ba zai cire shi ba. Ya kawo guduma da kurfi. Bugu na farko ya amsa a duk layin. Ya leƙa ta kan katanga, sai ga mai aski a ƙofar sabon shagonsa, ya ɗaga kai, almakashi a hannu.

"Ɗan Maigida! Me kake fasawa a can? Mu turo maka tela? Ya fi ka sanin rufin nan!"

Ya ce a'a, wani ƙarfe ne yake gyarawa. Ya sauke gudumar. Ya yi tunanin kiran lebura. Amma lebura yana da ido, yana da baki. Zai ga takardar buhu a jikin simintin, ya tambaya wa ya sa wannan a nan, kafin yamma duk layin ya ji. Sai ya ce a ransa, wanda ya saya shi zai gyara. Ya sa aka shafa wa fuskar gidan sabon fenti, aka rufe tabon laima, aka goge ƙarafunan baranda. Gidan ya yi kyau kamar ba shi ba.

Kun ga yadda zunubi yake? Ka aikata shi a ɓoye, sannan ɓoyon ya ɗaure maka hannu ka kasa gyarawa. Tsoron idon mai aski ya hana shi abin da tsoron Allah bai sa shi ba.

Damina ta sake zagayowa. Ruwa ya sake kwanciya a rufin, babu mai sa kwano, babu mai buɗe taga, babu mai cewa ga tsaga ta fito. Ƙarafunan cikin kankaren suka ci tsatsa suka ƙoshi.

Aka samu mai saye na gaske, aka daidaita, aka sa ranar da zai zo ya karɓi makulli. Da safen ranar an yi ruwa an ɗauke, gari ya yi sanyi, duwatsun layin na sheƙi. Ɗan Maigida ya zo da wuri cikin sabbin kaya, ya tsaya a tsallake yana kallon gidansa yana jin daɗi. Sai ya ji wata ƙara daga ciki kamar an karya babban reshe. Rufin ya rufta, ya tafi da benen, bangon gaba ya biyo baya da baranda da sabon fenti. Ruwan da rufin ya tara ya kwararo har kan takalmansa.

Allah ya tsare, babu wanda ya mutu. Babu kowa a ciki, ai ya tabbatar da haka da kansa.

Da ƙura ta lafa, mutane suka taru. A cikin ɓaraguzan ga guntun indararon a kwance, da dunƙulen siminti a bakinsa, takardar buhun na manne. Tela ya durƙusa ya duba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya dubi makullin ƙofar rufin da ke hannun Ɗan Maigida. Ya juya ya koma shagonsa. Mai aski kuwa, wanda bakinsa ba ya hutawa, ranar bai yi wasa ba.

Aka ja layin hanya zuwa cikin filin kamar yadda dillali ya faɗa tun farko. Abin da ya rage bai isa a gina komai ba. Mai saye ya tafi, dillali ya daina ɗaga waya. Yau in ka bi ta wurin, itace ne da benci. Tela da mai aski kan zauna a kai da yamma suna tsokanar juna. Wani lokaci a kawo Gwaggo ta sha iska. Tarin ya sake ta, ɗakinta na yanzu a ƙasa yake, rana na shiga. Takan ce, "Gwiwoyina sun huta da matakala. Alhamdu lillahi." Har yau ba a ji ta zage shi ba.

Ya 'yan uwa, kada wanda ya ce mini wannan tsautsayi ne. Ba da harshe kaɗai ake korar mutum ba. Wanda ya yanke wa ɗan haya ruwa ya kore shi. Wanda ya bar rufi na zuba da gangan ya kore shi. Wanda ya ɗaure fuska har tsoho ya ji kunyar zama ya kore shi. Kana iya yi wa kalmomin rantsuwa wayo, amma wa ka rantse da shi? Shi kalmomi yake dubawa ko zuciya? In gari ya gyaru, gidanka ya yi daraja, ka gode wa Allah, ka tuna da waɗanda suka zauna da kai lokacin da kwata ke bakin ƙofa. In dole ne a rabu, ka faɗa da bakinka, ka ba da lokaci, ka taimaka a samu wani wurin. In kuwa ka ɗauki alkawari, ka cika shi da ma'anarsa, ba da ɓawonsa ba.

Allah ya kiyaye mu da wayon da ke cin mai shi, ya tsare mana amana, ya sa kada mu zama sanadin hawayen wanda ya rene mu.

Shi kuwa Ɗan Maigida, ba gida, ba shago, ba mai amsa sallamarsa da sakin fuska a layin ubansa. Hayar sabuwar unguwa ta gagare shi. Matarsa ta koma wurin danginta da yaran. Yana bayan gari a ɗaki ɗaya. Rufin ɗakin yana yoyo, kuma duk lokacin da ya yi magana, mai gidan cewa yake ya ƙara haƙuri.